Yadda ake horar da likita har ya zama ƙwararre a asibitocin koyarwa

A manyan asibitocin Yamai, da na Damagaram da Maraɗi, wanda yake fara tarbar marar lafiya, musamman cikin dare, galibi matashi ne ko matashiya cikin farar riga. Shi ke yin tambayoyi, ya rubuta awo, ya ce a kwantar ko a sallama. Daga nan ne ake yawan jin masu jinya suna ƙorafin cewa an bar su hannun ƴan koyo. Sai dai wannan suna ya haɗa mutane iri-iri a wuri ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan matasa cikakkun likitoci ne da suka gama jami'a, suka yi rantsuwa, wasu ma sun shekara da shekaru suna riƙe da asibitin gunduma kafin su dawo neman ƙwarewa a fanni guda. A Nijar da sauran ƙasashe masu aiki da Faransanci ana kiran wannan horo DES, wato Diplôme d'Études Spécialisées, kuma da sunan ake kiran mai yin sa: wane DES ne na shekara ta uku. A ƙasashe masu aiki da Ingilishi, kamar Najeriya da Gana, ana ce masa resident.

Wannan horo shi ne hanyar da ƙasa ke samun likitan tiyata, da likitan mata, da na yara, da na zuciya, da na ido. Ba a cikin aji ake yin sa ba, a bakin gadon majinyaci ake yi, kuma ingancinsa ya rataya ne a kan abu ɗaya: ko akwai babba a kusa da ke duba aikin ƙarami.

Wane ne wane cikin masu farar riga

Asibitin koyarwa asibiti ne da ke haɗe da tsangayar likitanci ta wata jami'a, yana yin ayyuka uku a lokaci guda: jinya, koyarwa da bincike. Saboda haka a ɗaki ɗaya za a iya ganin mutane hawa biyar.

A ƙasa akwai ɗaliban likitanci masu zuwa da safe, waɗanda ake kira externes. Su aikinsu kallo ne, da tambayar majinyaci tarihin ciwonsa, da koyon aunawa. Ba su da ikon yanke hukunci. Sai ɗaliban shekarun ƙarshe, waɗanda a bakin ma'aikata ake ce wa internes. Suna kwana a asibiti, suna ɗinki, suna sa ƙarin ruwa, suna rubuta takardun majinyata, amma ba su riga sun zama likitoci ba. Na uku su ne ƴan DES, likitoci masu digiri da ke koyon fanni. Na huɗu ƙwararrun likitoci ne da suka gama nasu horon, waɗanda ake ce wa séniors, daga cikinsu akwai malaman jami'a, akwai ma'aikatan ofishin ministan kiwon lafiya. A sama kuma akwai shugaban sashe, wanda sau da yawa farfesa ne, kuma alhakin duk abin da ya faru a sashen yana wuyansa.

A gefen waɗannan akwai malaman jinya, da ungozomomin asibiti, da masu ba da maganin barci a ɗakin tiyata, da majo, wato shugaban malaman jinya na sashe. Ba sa cikin jerin likitoci, amma duk wanda ya yi DES ya san abin da ya koya a hannunsu. Ungozomar da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa takan gane naƙudar da za ta lalace tun kafin sabon likita ya gama karanta takarda.

Inda tsarin ya samo asali

Tsarin yana da tushe biyu. Na farko daga Faransa: a shekarar 1802 aka kafa internat na asibitocin Paris, inda ake zaɓar ɗalibai ta hanyar gasar jarrabawa, a ba su ɗaki da abinci a cikin asibiti, su kula da majinyata dare da rana ƙarƙashin manyan likitoci. Kalmar interne ma'anarta na ciki, wato mai zama cikin gidan. Ƙasashe irin su Senegal da Cote d'Ivoire sun gaji wannan gasa, kuma har yanzu wanda ya ci ta yana da daraja ta musamman tsakanin abokansa.

Tushe na biyu daga Amurka yake. Lokacin da aka buɗe asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore a 1889, likitoci biyu, William Osler a fannin cututtukan ciki da William Halsted a fannin tiyata, sun shimfiɗa tsarin da matashin likita zai zauna cikin asibiti shekaru da dama, ana ƙara masa nauyi a hankali har ya iya tsayawa da ƙafarsa. Kalmar resident daga nan ta fito, ita ma ma'anarta mazauni. Yau likitoci sun daina zama cikin asibiti, suna da gidajensu da iyalansu, amma sunan ya tsaya, kuma dabarar ƙara nauyi kaɗan-kaɗan ita ce ginshiƙin horon a ko'ina cikin duniya.

A yankinmu, makarantar likitanci ta farko ta Afirka ta Yamma rainon Faransa an buɗe ta ne a Dakar a 1918. Ta horar da waɗanda ake kira médecins africains, waɗanda suka riƙe asibitocin garuruwa da yawa kafin samun ƴancin kai, amma a matsayin mataimakan likitocin sojan Faransa. Hanyar zama ƙwararre ba a buɗe take gare su ba.

Yadda abin yake a Nijar

Jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992, ta buɗe makarantar ilimin lafiya a 1974, daga baya ta zama tsangaya, wato FSS. Tun daga lokacin ƙasar ke yaye likitocinta na gama-gari. Amma neman ƙwarewa ya daɗe yana nufin fita waje: Dakar, Abidjan, Kwatano, Lome, Bamako, Wagadugu, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Faransa, wasu har Tarayyar Sobiyet da Sin. Likita yakan tafi shekara huɗu ko biyar, yana aiki a asibitin wata ƙasa, majinyatan can ne ke amfana da ƙarfinsa, kuma ba kowa ke dawowa ba.

Shi ya sa tsangayar ta buɗe nata DES a gida. Tiyatar gama-gari da fannin mata da haihuwa suna cikin na farko, domin nan ne ake asarar rayuka cikin ƴan sa'o'i idan babu mai aiki. Daga baya aka riƙa ƙara wasu fannoni gwargwadon samun malamai. Wasu fannonin har yanzu sai an fita waje, ko kuma a fara a gida a je a ƙarasa wani ɓangare a wata ƙasa.

Wuraren horon a Yamai sun haɗa da babban asibitin ƙasa, wanda tarihinsa ya faro tun 1922. Asibitin Lamorde da ke Harobanda kusa da jami'a, wanda yanzu ake kira Amirou Boubacar Diallo. Gidan haihuwa na Issaka Gazoby, inda ake turo haihuwar da ta gagara. Da babban asibitin Référence mai gado 500 da ƙasar Sin ta gina, aka ƙaddamar a 2016. Jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ma suna da tsangayar likitanci, abin da ya mai da babban asibitin ƙasa na Damagaram da asibitocin Maraɗi wuraren koyarwa. A jihar Tawa kuma, asibitin mishan na Galmi yana horar da likitocin tiyata ƙarƙashin wani shiri na ƙasashen Afirka mai suna PAACS.

Shiga da tsawon karatu

Kafin a yi maganar DES, sai mutum ya ci BAC, ya yi shekara 7 zuwa 8 a tsangayar likitanci, ya rubuta kundin bincikensa ya kare shi gaban malamai, ya yi rantsuwar Hippocrate, sannan ya yi rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. A nan ya zama likitan gama-gari. Wasu suna wucewa neman ƙwarewa kai tsaye, wasu sai sun yi aikin bautar ƙasa ko sun yi shekaru a CSI da asibitocin gunduma.

Ana shiga DES ta hanyar jarrabawar tantancewa, kuma gurabe kaɗan ne, domin yawan ɗaliban da sashe zai iya ɗauka ya dogara da yawan malamai, da gadaje, da ɗakunan tiyata. Idan likitoci goma suna jiran aiki ɗaya, babu wanda hannunsa zai faɗa. Ma'aikacin gwamnati kuma sai ya samu takardar izinin tafiya ƙaro ilimi daga ofishin ministan ma'aikata.

Tsawon horon a ƙasashen yankin shekara 4 ne a akasarin fannoni, kamar na yara, na mata da na cututtukan ciki, shekara 5 kuma a fannonin tiyata. Hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma, OOAS, wadda aka kafa a 1987, ta jagoranci daidaita manhajojin, ta yadda abin da ake koyarwa a Yamai zai yi daidai da na Dakar ko Kwatano. In an haɗa lissafi, yaron da ya ci BAC yana da shekara 19 ba zai zama likitan tiyata ba sai ya haura 30, ko da bai taɓa maimaita aji ba. Wanda ya tsaya ya yi aiki a karkara yakan gama ne yana dab da 40, da mata da ƴaƴa. Ga likita mace, shekarun horon sukan faɗo daidai lokacin aure da haihuwa da goyo.

Yini ɗaya a sashe

Aiki yana farawa da taron safe, wanda ma'aikata ke kira staff. Waɗanda suka kwana suna tsayawa gaban manya su ba da rahoto: mutum nawa aka karɓa, me ya kawo su, me aka yi musu, wa aka shiga da shi tiyata, wa ya rasu. A nan ake yi wa ɗan DES tambayoyi masu zafi. Me ya sa ka jira har ƙarfe uku kafin ka kira? Me ya sa ka ba da wannan magani ba wancan ba? Taron yakan yi tsanani, amma shi ne wurin da ake kama kuskure tun da sauran lokacin gyara shi.

Daga nan sai zagayen ɗakuna. Babban likita yana gaba, ƴan DES da ɗalibai suna biye, ana tsayawa gado bayan gado. Ƙaramin likita ya gabatar da majinyacinsa, babba ya sake aunawa, ya gyara magani ko ya amince. Wannan ne lokacin da ake fitar da masu jinya waje, kuma shi ne lokacin da ake yanke mafi yawan shawarwari game da marar lafiya. Bayan zagaye kowa ya nufi inda aka tsara masa: ɗakin ganin masu zuwa daga gida, ɗakin tiyata, ɗakin haihuwa, ko wurin ɗaukar hoto. Da rana ko da yamma akwai darasi, inda sau da yawa ɗan DES ne da kansa ke shirya batu ya gabatar, malamai su yi masa gyara.

Duk bayan wata shida ko makamancin haka ana canza masa sashe. Mai koyon tiyata zai zaga sashen ciki, na ƙashi, na mafitsara, na yara. Mai koyon fannin yara zai zauna ɗakin jarirai sababbin haihuwa, da ɗakin gaggawa, da wurin masu tamowa. Likitan da ya yi damina ɗaya a ɗakin gaggawar yara, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje har a kwantar da yara biyu ko uku wuri guda, ya ga abin da littafi ba zai koya masa ba. Wannan na daga cikin amfanin horo a gida: ana koyon cututtukan da za a ci gaba da gani, irin su hanjin da taifod ta huda, jijjigar masu ciki, fashewar mahaifa bayan doguwar naƙuda, yoyon fitsari, sanƙarau da amosanin jini.

Yadda ake sakar masa hannu

Fitar da jariri ta hanyar tiyata misali ne mai kyau na yadda horon ke tafiya. A farko sabon ɗan DES yana tsaye ne a gefe, yana riƙe ƙarafan buɗe ciki, yana share jini, yana kallon hannun babba. Bayan ya ga aikin sau da yawa, sai a bar shi ya ɗinke fata. Daga nan ya buɗe ciki, babba ya karɓa a wurin mahaifa. Sannan ranar da zai yi aikin daga farko har ƙarshe, babba yana tsaye a gabansa a matsayin mataimaki, a shirye ya karɓe wuƙa. Bayan haka ya yi shi kaɗai, babba yana cikin asibiti. A shekarun ƙarshe shi ne ke tsayawa gaban na bayansa yana koya musu. Da rarrafe yaro kan tashi.

Kowane aiki da ya yi ana rubuta shi cikin wani littafi, da kwanan wata, da matsayinsa a aikin, kallo ya yi, ko taimako, ko shi ya riƙe wuƙa, malami ya sa hannu. Da wannan littafi ake sanin ko ya cika abin da ake buƙata kafin a ba shi takarda.

Abin da ya fi wuyar koyo ba yanka da ɗinki ba ne. Sanin lokacin da za a yi aiki da lokacin da za a dakata ya fi wuya, haka kuma sanin iyakar kai. Ɗan DES na kirki shi ne wanda ke gane cewa abin da ke gabansa ya fi ƙarfinsa, ya ɗaga waya ƙarfe biyu na dare ya tashi malaminsa. Sashe na kirki kuma shi ne wanda in an kira babba yake zuwa, kuma ba ya wulaƙanta wanda ya kira shi. Inda ƙarami ke tsoron kira, ko babba ya tafi asibitinsa mai zaman kansa ya kashe waya, a nan ne ƙorafin masu jinya ke zama gaskiya.

Akwai kuma zaman bitar mace-mace, inda ake ɗauko takardun wanda ya rasu a bi su daki-daki: ƙarfe nawa ya iso, yaushe aka gan shi, yaushe aka samu jini, ina aka yi jinkiri. A gidajen haihuwa na Nijar bitar mutuwar mata masu ciki tana cikin tsarin aikin hukuma. Manufar zaman ita ce gano inda tsari ya karye don kada a maimaita.

Aikin kwana da gajiya

Aikin kwana, wanda ake ce wa garde, shi ne ɓangaren da ya fi cin jiki. Likita yakan shigo da safe, ya yi aikin yini, ya kwana a tsaye, ya ba da rahoto a taron safe, wani lokaci ma ya ci gaba har azahar. Bincike ya nuna cewa wanda ya yi sa'a 24 bai runtsa ba hankalinsa da hannunsa suna yin nauyi kamar na wanda ya sha abin maye.

Ƙasashe da dama sun kafa doka a kan wannan. A birnin New York, mutuwar wata yarinya ƴar shekara 18 mai suna Libby Zion a 1984, a hannun ƙananan likitoci masu aiki da yawa kuma ba babba a kusa, ta jawo shari'a da muhawara, har jihar ta taƙaita sa'o'in aikinsu a 1989. A 2003 aka shimfiɗa iyakar sa'a 80 a mako a duk faɗin Amurka. A Tarayyar Turai iyakar sa'a 48 ce, kuma a Faransa wanda ya yi aikin kwana yana da haƙƙin hutun sa'a 11 nan take.

Taƙaita sa'o'i yana da nasa tsada. Yana buƙatar ƙarin likitoci, yana kuma yawaita miƙa majinyaci daga hannu zuwa hannu, inda bayani ke iya zubewa. A ƙasar da likitoci ba su kai ɗaya ga mutum dubu goma ba, kamar Nijar, yawan kwanan da mutum zai yi a wata ya dogara ne da yawan waɗanda ke cikin jerin. In sashe yana da ƴan DES huɗu, kowa zai kwana duk bayan kwana huɗu, ko da doka ko babu.

Jarrabawa da malamai

A ƙarshen kowace shekara akwai jarrabawa ta rubutu da ta gaban gado, inda ake ba ɗalibi majinyacin da bai sani ba, ya auna shi, ya zo ya faɗa wa malamai abin da ya gano da abin da zai yi. Wanda ya faɗi yana maimaita shekara. A shekarar ƙarshe yana rubuta kundin bincike, yawanci daga takardun majinyatan sashen, ya kare shi gaban kwamitin malamai, wanda sau da yawa ake gayyato wasu daga jami'o'in maƙwabta. Irin waɗannan kundaye suna cikin hanyoyin da ake sanin cututtukan da ke kawo mutane asibitocin ƙasar da yadda jinyarsu ke ƙarewa.

Ba a buɗe DES sai da manyan malamai masu matsayin da ya dace. Matsayin kuwa hukumar CAMES ce ke bayarwa, wadda shugabannin ƙasashe suka kafa a Yamai a 1968, kuma hedkwatarta tana Wagadugu. Malami yana farawa a matsayin mataimaki, ya hau mataki na biyu da yawan bincikensa, sannan ya shiga gasar agrégation da ake yi duk shekara biyu, kafin daga baya ya zama cikakken farfesa. Saboda haka samar da malami ɗaya da zai iya jagorantar DES yana ɗaukar shekaru da dama bayan ya gama nasa horon. Wannan ne dalilin da ya sa gina asibiti ya fi sauri a kan cika shi da ƙwararru. Gini shekara uku ya isa, farfesa kuwa sai an shekara ashirin ana rainonsa.

Maganar kuɗi

A tsarin DES likita ɗalibin jami'a ne, yana biyan kuɗin rajista da na karatu, alhali shi ke ɗauke da kaso mai yawa na aikin asibiti. Wanda ya shigo a matsayin ma'aikacin gwamnati yana da albashinsa. Wanda ya samu tallafin gwamnati ko na wata ƙungiya yana da abin riƙewa. Wanda ya shigo da aljihunsa kuwa, sau da yawa sai ya haɗa da aikin dare a asibitoci masu zaman kansu don ya biya haya ya ciyar da gida, wato gajiya a kan gajiya.

A nan tsarin Najeriya ya bambanta, kuma mutanen Maraɗi, Damagaram da Ƙonni da ke zuwa jinya Kano, Zariya ko Sakkwato suna haɗuwa da shi. A can resident ma'aikacin asibiti ne mai albashi. Bayan shekara 6 a jami'a da shekara guda ta aikin gwaji a asibiti, yana shiga horo a asibitin koyarwa kamar na Aminu Kano, amma ba jami'a ke ba shi takarda ba. Kwalejoji ne na ƙwararru ke shirya jarrabawar, wato kwalejin ƙasa da aka kafa a 1979 da kwalejojin Afirka ta Yamma na likitocin tiyata da na cututtukan ciki. Duk da albashin, ƙungiyarsu ta NARD tana yawan shiga yajin aiki kan bashin alawus da kuɗin horo, kuma duk lokacin da suka ajiye aiki asibitocin koyarwa sukan kusan tsayawa. Hakan kaɗai ya isa ya nuna wa ke riƙe da asibiti.

Bayan an gama, ina za su?

Horar da ƙwararre rabin aiki ne, sauran rabin shi ne ya je inda ake buƙatarsa ya zauna. Kaso mafi yawa na ƙwararrun Nijar suna Yamai, inda kayan aiki suke, da makarantun ƴaƴa, da asibitoci masu zaman kansu. Wasu suna tafiya ƙungiyoyin agaji da ke biya fiye da gwamnati, wasu ƙasashen waje. Ga macen da naƙuda ta tsaya mata a wani ƙauyen Dakoro ko Tanut, ƙwararren da ke nisan kilomita ɗaruruwa da babu shi duk ɗaya ne.

Don cike wannan giɓi, a 2005 ofishin ministan kiwon lafiya da tsangayar likitanci ta Yamai suka fara shirin tiyatar gunduma, inda ake ba likitocin gama-gari horon wata 12 don su iya fitar da jariri ta tiyata, su yi aikin gwaiwa da sauran ayyukan gaggawa a asibitin gunduma. Shirin ya zo daidai lokacin da gwamnati ta mai da tiyatar haihuwa kyauta. Waɗannan likitoci ba su maye gurbin mai DES ba, amma suna ceton wanda ba zai kai babban birnin jiha da rai ba. Buɗe tsangayoyi a Maraɗi da Damagaram shi ma yana da nasa tasiri, domin malaman jami'a ƙwararru ne da ke zaune a garin suna duba majinyata, kuma wanda ya yi karatu kusa da gida ya fi sauƙin zama.

Abin da majinyaci da mai jinya ya kamata su sani

Wanda ya kwanta a asibitin koyarwa yana cikin masu koyarwa ko da bai sani ba, domin a jikinsa ake koyo. Wannan bai rage masa haƙƙi ba. Yana iya tambayar wanda ke duba shi sunansa da matsayinsa, ɗalibi ne, ko DES, ko ƙwararre. Yana iya tambayar sunan babban likitan da ke da alhakinsa, da ranar da zai zagayo. Kafin tiyata yana da haƙƙin a yi masa bayani da harshen da yake ji, me za a yi, me ya sa, wane hatsari ke ciki, wa zai yi aikin, wa zai tsaya a kansa. Mace tana iya neman a rage yawan masu kallo lokacin da ake auna ta, kuma sirrin ciwon mutum amana ce a kan ɗalibi kamar yadda take a kan farfesa.

Akwai kuma abin da mai jinya zai yi ya sauƙaƙa aikin. Ya zo da tsofaffin takardun magani da na awo. Ya faɗi gaskiyar ranar da ciwon ya fara da duk abin da aka sha a gida, har da na gargajiya da na ƴan tebur, domin ɓoye wannan yana iya sa a ba da maganin da zai yi karo da shi. Idan mutane uku suka yi masa tambaya iri ɗaya, ba rashin sani ba ne, kowane mataki yana tabbatar da abin da na ƙasa ya rubuta. A wakilta mutum ɗaya cikin dangi mai magana da likitoci, kuma ya kasance a kusa bayan zagayen safe, lokacin da aka riga aka yanke shawarar yini. Idan jikin marar lafiya ya canza cikin dare, a sanar da malamin jinya nan take, kuma babu laifi a tambaya cikin ladabi ko an sanar da babban likita.

Yawan masu farar riga a kan gado ɗaya yana da amfanin da ba a cika lura da shi ba: takardar majinyaci tana bi ta idanu da yawa, kuma akwai likita a cikin gidan a kowace sa'a. Ƙwararrun da Nijar za ta dogara da su nan da shekara goma, a Tawa, Difa ko Agadas, su ne waɗanda ke kwana a ɗakunan gaggawa yanzu. Irin hannun da za su fita da shi ya dogara da yawan malaman da ke tsaye a kansu, da kayan aikin da suka samu, da kuma ko an biya su abin da zai hana su neman aikin dare a wani wuri.